Kakan da Aka Kora da Ƙasar da Ya Ƙwace: Sharhi kan Littafin The Secret River

Daga 1788 zuwa 1868, Ingila ta kwashi fursunoni kimanin 162,000 ta jibge su a Ostareliya. Shekaru da dama jikokinsu suna ɓoye wannan asali kamar kuturta. Yanzu abin ya juya, mutane na tururuwa cikin kundayen kotu suna neman sunan kakansu ɓarawo domin su yi tinƙaho da shi. A cikin wannan yanayi ne Kate Grenville ta fitar da ƙagaggen labarinta The Secret River a 2005. Dalilina na ɗauko shi ɗaya ne: ya yi tambayar da masu neman asali ba sa son yi.

Grenville ta fara ne da bin sawun kakan kakanninta, Solomon Wiseman, mai tuƙa kwalekwalen kaya a kogin Thames, wanda aka kama da satar katako aka kai shi Sidni a 1806. Ta samu shari'arsa a kundin kotun Old Bailey ta Landan. An san kuma cewa bayan an yafe masa ya mallaki fili a bakin kogin Hawkesbury, ya yi arziki, har yau wurin na ɗauke da sunansa. To amma filin na wa ne kafin ya zo? Na al'ummar Dharug ne, kuma takardun da suka rubuta satar katako dalla-dalla sun yi gum game da yadda ta kaya tsakaninsa da su.

Wannan giɓi ta cike da ƙirƙira. Ta sauya Wiseman da William Thornhill, talakan da yunwa ta sa shi sata. Mai karatu zai tausaya masa a Landan, ya bi shi da fatan alheri har bakin kogi tare da matarsa Sal. Sai a hankali ya ga wanda aka zalunta yana kafa shinge a ƙasar wasu, yana kallon masu ƙasar a matsayin ɓarayin masararsa, har ya shiga cikin masu yi musu kisan kiyashi. A ganina nan ne ƙarfin littafin yake. Marubuciyar ta sa muka ƙaunaci mutumin tun da wuri, don haka idan ya zubar da jini ba mu da bakin cewa dama can mugu ne. A ƙarshe ga shi attajiri a katon gida da aka gina bisa dutsen da 'yan ƙasa suka zana kifi a kansa, kullum yana leƙen tsaunuka da madubin hangen nesa, hankalinsa bai kwanta ba.

Sai dai akwai inda nake da ja. 'Yan Dharug ba su da murya a littafin. Ta idon Thornhill kaɗai muke ganinsu. Grenville ta yi haka ne da gangan, tana ganin ba huruminta ba ne ta shiga zukatansu. Na fahimci wannan kunya, amma sakamakon shi ne shirun da ta tarar a kundin gwamnati ya sake bayyana a nata littafin. Haka kuma masaniyar tarihi Inga Clendinnen ta soke ta a 2006 kan ɗora wa mutanen da tunanin mutanen yanzu da kuma aro abubuwan da suka faru a wani wuri da wani lokaci. Sukar na da tushe: Thornhill na jin nauyin laifinsa irin yadda jikarsa za ta so ya ji.

Duk da haka ina ganin littafin ya cancanci lambar yabon marubutan Commonwealth da ya ci a 2006, matuƙar an karanta shi a matsayin ƙagaggen labari. Darasinsa ga duk mai tonon asali shi ne kada ya tsaya a shafin da aka cuci kakansa. Ya juya shafi na gaba ya duba ko kakan ya cuci wani, ya kuma tambayi wanda ba a rubuta sunansa ba.