Ba Harsashin Sarayebo Kaɗai Ba Ne

Idan ka tambayi ɗan makaranta a Faraku ko Jugu abin da ya jawo Yaƙin Duniya na Farko, amsa ɗaya zai ba ka: wani saurayi ya harbe yariman Ostiriya a Sarayebo ran 28 ga Yuni, 1914. Haka aka koya masa, ba ƙarya ba ne kuwa. Amma amsar ba ta ƙosar da ni ba. An kashe sarkin Italiya a 1900, da na Sabiya a 1903, duniya ba ta kama da wuta ba.

Waɗansu masu ilimi sukan ce kwaɗayin ƙasashen Afirka ne tushen. Wannan ya fi kusa, gama kakanninmu sun ga kwaɗayin nan da idonsu. A 1894 Lugga na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tsere zuwa Nikki, kowa da takardar alkawari a hannu, Jamusawa kuma suna leƙowa daga Togo. A 1897 Faransa da Jamus suka ja iyaka yamma da Jugu. A 1898 aka raba Bargu biyu, Nikki ga Faransa, Busa ga Ingila. Tsohuwar hanyar fatake, wadda goron Gwanja ke bi ta Jugu da Faraku zuwa Kano, ta shiga hannun iyayengiji uku.

To, amma 'yan'uwa, ku duba da kyau. Ingila da Faransa, waɗanda suka kusa gwabzawa a Bargu, su ne suka shirya a 1904, suka kuma shiga yaƙin gefe ɗaya. Rigimar ƙasarmu a kan tebur aka kashe ta a Faris, domin gonar wani ba ta da wuyar rabawa. Abin da ya gagare su rabawa a gida yake. Faransa ba ta manta da Alsas da Loren da Jamus ta ƙwace a 1871 ba. Jamus tana tsoron a sa ta tsakiya, Ingila tana tsoron jiragen ruwan yaƙin Jamus, Ostiriya tana tsoron Sabiya. Kowa ya tara makamai, ya ɗaure kansa da alkawari: Jamus da Ostiriya tun 1879, Faransa da Rasha tun 1894. Da aka ja ƙafar ɗaya, duka suka faɗa rami. A ganina tsoro ya fi kwaɗayi aiki a nan.

Sa'an nan wutar ta iso mana. Cikin Agusta 1914 sojojin Faransa daga Dahomey da na Ingila suka shiga Togo, Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina ran 26 ga watan. Aka shiga ɗibar samari soja ƙarfi da yaji, ga haraji, ga aikin tilas. Bio Gera ya tayar wa Faransawa a Bargu, aka kashe shi a Disamba 1916. Kaba ya yi haka a duwatsun Atakora, arewa da Jugu, aka murƙushe mutanensa a 1917.