Zago da Dorina: Nazarin Farautar Ruwa a Ƙasar Yauri

A watan Oktoba na 2024 sunan Yauri ya shiga kafafen labaran duniya saboda dorina. Dabbar ta hallaka wani masunci, ta hana manoman shinkafa sakat a gonakinsu na bakin kogi, har hukuma ta ba da izinin a kashe ta. Samari suka shafe makonni suna bin sawunta cikin jirage, da zago a hannu, mashin nan da aka gada kaka da kakanni. Da suka yi nasara aka ɗauko ta a jirgi zuwa gari, aka feɗe, aka raba naman ga jama'a. Masu fafutukar kare namun daji sun yi tir da abin, musamman da yake har ɗanta bai tsira ba. Mutanen bakin ruwa kuwa gani suke rayukansu da abincinsu suka kare.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Sai dai gardamar ta tsallake wani abu babba: farautar dorina a Kogin Kwara tsohuwar sana'a ce mai shugabanni da ƙa'idoji da ilimi mai zurfi, kuma ilimin nan yana zubewa ba tare da an rubuta shi ba.

Masarautar Yauri ta haɗa ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, kuma kogi ne ƙashin bayanta. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, su ne tsofaffin mazauna gungunan da ke tsakiyar ruwa, manoman albasa da gero kuma gwanayen tuƙi. Akwai Shangawa da Lopawa a gaɓa, da Kambari a kan tudu. Sai Sarkawa, jikokin Sorko na daular Songhai, waɗanda suka gangaro da kogi tun ƙarnoni da suka wuce, suka rungumi Hausa, amma ba su saki sana'ar iyayensu ba: su, da farautar manyan dabbobin ruwa guda uku, wato dorina da kada da ayu. A garuruwan bakin kogi Sarkin Ruwa ne ke da ta cewa kan abin da ya shafi ruwa, kuma babbar farauta ba ta yiwuwa a bayan idonsa.

Kafin a gane farautar sai an san dabbar. Ƙaton namijin dorina yakan kai kilo 1,500, wani ma ya zarce. Da rana tana kwance cikin ruwa, idanu da kunnuwa da hanci kaɗai ke waje, kuma tana iya nutsewa kusan minti 5 ba ta ɗago ba. Da dare take fitowa kiwo, ta ci ciyawar da ta kai kilo 40 kafin asuba. Idan gonar shinkafa ce a kan hanyarta, wahalar manomi ta wata uku tana iya ƙarewa a dare ɗaya. Ba nama take ci ba, amma namiji mai tsaron yankinsa da mace mai goyo ba sa ɗaukar wargi, kuma cizo ɗaya ya isa ya tsaga kwale-kwale. Duk da wannan ƙarfi, haihuwarta ba ta da yawa: ciki na wata 8, ɗa guda, sai kuma bayan kamar shekara biyu. Shi ya sa kashe uwa ɗaya ke yi wa garke illar da ba ta saurin warkewa.

Dabba irin wannan ba a yi mata farautar ganganci. Mafarauci yakan fara da karatun gaɓa: turbar da take bi zuwa kiwo, wadda ƙafafunta suka tattake har ta zama kwari, da kashin da take watsawa da wutsiya a kan ciyayi, da gurbin da take yini. Yana kuma lissafin ruwa, domin Kwara a wannan yanki cika biyu take yi a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke isowa da sanyin hunturu daga can ƙasar Gini bayan ya ratsa Mali. Zurfin ruwa da yawan ciyawa su ke nuna inda jirgi zai iya bi da inda dabbar za ta iya ɓuya.

Shi kansa zago dabara ce. Bakinsa ƙarfe ne mai ƙugiya, wanda idan ya shiga ba ya fita. An ɗaure shi da igiya mai ƙarfi, ita kuma igiyar tana haɗe da wani itace mara nauyi da ba ya nutsewa. Idan maharbi ya jefa, dorina ta nutse ta gudu, itacen sai ya riƙa yawo a kan ruwa yana tona asirin inda take. Jirage su bi shi, duk sanda ta ɗago shan iska a ƙara mata wani. Mai jifa yana tsaye a goshin jirgi, matuƙa suna bayansa, kuma ransa yana hannunsu, domin idan ta juyo da faɗa, saurin kauce mata da filafili ne kaɗai mafita. Idan ta mutu nutsewa take yi, sai bayan sa'o'i gawar ta taso. Babu abin da ake yarwa: nama na gari ne, haƙoranta kayan kasuwa ne, fatarta kuma ita ce bulalar nan da ake gani a hannun dogarai.

Mafi cikar shaidar wannan farauta da ke hannu a yau daga sama da kogi ta fito. Jean Rouch, Bafaranshe masanin al'adu, ya bi Sorko na yankin Ayorou a Nijar ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Bataille sur le grand fleuve a farkon shekarun 1950. A ciki an ga yadda suke haɗa babban jirgi mai kaurin katako domin farautar, da yadda suke neman yardar iskokin ruwa kafin su fita, da yadda wani tsohon namiji ya farfasa musu jirgi ya tsere da zaguna a jikinsa. Da Rouch ya koma ya nuna musu fim ɗin a 1954, sai masuntan suka yi masa gyara. Ya sa kiɗa a daidai wurin farautar, su kuwa suka nuna masa cewa dorina tana ji ko tana ƙarƙashin ruwa, don haka shiru ake yi mata. Rouch ya karɓi gyaran. Wannan ɗan labari ya nuna cewa jarumta kaɗan ce daga cikin abin da sana'ar ke bukata. Haƙuri da kunne da sanin halin dabba su ne jarinta.

A Yauri, abin da ya fi fitowa fili daga wannan gado shi ne bikin Rigata. Yadda masarauta ke ba da tarihinsa, ya samo asali ne kimanin shekara 200 da suka wuce, lokacin da jaruman Gungawa kan fita cikin jirage da makamai su far wa dorinar da ke ɓarna a gonaki, fitar da ta zama kuma atisayen yaƙin ruwa. Da Turawa suka kafa dokokin hana kashe manyan namun daji, irin dokar 1916, sai farautar ta koma wasan nuna bajinta a bukukuwan auren manya. An shirya wa Sardauna Ahmadu Bello irinsa lokacin da ya ziyarci Yelwa, babban garin masarautar, kuma a zamanin Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi an farfaɗo da shi ya zama babban taron shekara.

Rigata ta yi abin a yaba. Ta riƙe tseren jirage da iyo da nutso, ta sa yaron Bagunge yana alfahari da filafilin ubansa. Amma biki na kiɗa ne da guɗa da taron jama'a, farauta kuwa ta shiru ce. Abin da ɗan kallo ba zai gani daga rumfa ba shi ne karatun sawu, da sanin wace dabba ce mai ɓarna a cikin garke, da lokacin da ya kamata a ƙyale ta. Wannan ɓangaren yana cikin kan dattawa kaɗai.

Dam ɗin Kainji, da aka kammala a 1968, ya ƙara nisanta matasa da shi. Tafkin ya shimfiɗu kimanin kilomita 135, ya haɗiye gunguna da dama, aka tashi mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Kogin da dattawa suka haddace lungu-lungu ya zama wani ruwa dabam. Duk shekara idan tafki ya ja baya yakan bar ƙasa mai dausayi, manoma su bi ta da shinkafa da albasa har bakin ruwa, daidai inda dorina ke kiwo. A Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗe dazukan Borgu da Zugurma, dorina tana da mafaka a kogin Oli. Amma gandun yana jihohin Neja da Kwara ne. Wadda ke ruwan Yelwa ko Wara ko Shanga tana zaune ne tsakanin taru da gona.

A nan ne labarin mafarautan Amurka ke da amfani. Suna da wata babbar barewa mai rassan ƙaho da suke kira elk, wadda harbin ba-ji-ba-gani ya rage ta daga miliyoyi zuwa ƙasa da 100,000 a farkon ƙarni na 20. Mafarauta ne da kansu suka tashi tsaye. Theodore Roosevelt da abokansa sun kafa ƙungiyar Boone and Crockett a 1887, mujallu irin su Field & Stream da Outdoor Life suka riƙa yaɗa ladubban farauta, kuma wata doka ta 1937 ta sa harajin bindigogi da harsasai ya koma ga kula da daji. Yau dabbar ta kai kusan miliyan guda. Mai son farautarta a duwatsun Kolorado yakan fara shiri watanni kafin kaka: ya nemi lasisi, wani yankin ma sai ta hanyar ƙuri'a, ya nazarci taswira, ya san ranar buɗewa da ta rufewa, da ko namiji ko mace aka ba shi izini. Mujallun nan sun mayar da abin da ke kan tsofaffin maharba ya zama rubutu, hukuma kuma ta ƙidaya dabbar kafin ta ce a harba.

Ba a cewa a kwafo wannan tsari a kawo Yauri. Tun 2006 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa dorina cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, kuma ragowar da ke Nijeriya ba su kai a buɗe musu lokacin farauta ba. Darasin shi ne mafarauci ya fi kowa dacewa da zama mai gadin dabbar da ya sani. Ghana ta gwada haka a Wechiau, inda sarakunan gargajiya suka keɓe wani yanki na kogin Baƙar Volta domin dorina a ƙarshen shekarun 1990, mutanen ƙauyukan suka zama masu gadi da masu yi wa baƙi jagora. Ita ma Nijar ta keɓe wa dorina wuri a yankin Tillaberi a 2017, bayan rikici ya yi tsanani tsakaninta da manoma.

Yauri tana da kayan aikin a kusa. Ga Cibiyar Binciken Kifi da Kwalejin Kula da Namun Daji a New Bussa, ga jami'o'in Birnin Kebbi da Sakkwato, ga kuma turbar da marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya share wajen rubuta tarihin masarautar. Ya kamata masarauta da gwamnatin Kebbi su tura ɗalibai su zauna da Sarakunan Ruwa da dattawan Sarkawa da Gungawa, a naɗi bayaninsu da kirarinsu, a rubuta da Hausa. A ɗauki 'ya'yansu aikin ƙidayar dorina da nuna turbobinta, domin a bar mata makiyaya, a haƙa ramuka ko a yi shinge a gonakin da ke kan hanyarta, a kuma tanadi diyya ga wanda ta yi wa ɓarna. Dattawan da suka yi wannan farauta a Kwara kafin a datse ta a 1968 sun haura shekara 70 a yau, don haka aikin ba ya jiran wata Rigata mai zuwa.