Kafin a ƙara hon a masallaci, a duba bayan amfilifaya

Da wuya azumi ya ƙarato ba ka ga wani masallaci a Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna ko Kebbe ya ƙara lasifika ba. Wani bawan Allah ya kawo hon biyu sadaka, wani ya kawo huɗu, sai a sa yaro mai ƙarfin hali ya hau sanda ya murɗa sabbin wayoyi a kan na da. Niyya ce mai kyau, Allah ya saka da alheri. Amma abin yana damuna, domin sau da yawa ƙarin nan ne ke ɓata sauti. Mai jan baki ya yi shekaru yana gyara fitar haruffansa, sai ga na'ura ta cakuɗe sinun da sadi, na bayan sahu yana jin ƙara ba ya jin aya.

Juya amfilifayar masallacinku ka duba bayanta. Yawancin waɗanda ake gani a nan Ahuja ne, ƙirar Indiya, wani lokaci TOA ta Japan. Za ka ga sukurori a jere, an rubuta COM, 4, 8, 16, sai 70V da 100V. Waya ɗaya tana zama a COM. Ɗayar kuwa, inda za ta zauna lissafi ne, ba inda hannu ya fara kaiwa ba. Lambobin 4, 8 da 16 ma'aunin om ne, wanda aka sa wa sunan Bajamushe Georg Ohm da ya fitar da ƙa'idarsa a 1827, kuma suna nuna yawan turjiyar da lasifika ke yi wa wuta.

Yunit ɗin da ake ɗaurawa a gindin hon, irin su AU-40 da AU-60, om 16 ne kowanne. Hon ɗaya, sukuron 16 ne nasa. Idan aka haɗa biyu baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, turjiyar ta sauko 8. Huɗu su zama 4. A nan mutane ke ruɗewa, suna zaton ƙarin hon ƙarin lamba ne, alhali raguwa take yi, nauyin kuma yana ƙaruwa. Kamar injin ban-ruwa ne a fadama: kowace hanya ka buɗe masa, aikinsa ka ƙara. To masallacin da ya fara da hon biyu a sukuron 8, yau yana da shida, wayar tana nan inda take tun farko. Shida sun sauko ƙasa da om 3, ko sukuron 4 bai ɗauke su ba. Amfilifaya ta riƙa zafi, murya ta shaƙe, ladan ya ƙara murɗa sauti, wata rana da asuba a ji ƙauri. Sai a ce wutar NEPA ce, ko janareta, ko an sayo jabu.

Kuskuren ɗaya gefen ya fi sauƙi: hon ɗaya a sukuron 4 ba ya ƙona komai, amma rabin ƙarfin da aka saya da kuɗin jama'a ma ba ya fita.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganar doguwar waya. Ana son kiran salla ya kai ƙarshen unguwa, sai a ja siririyar waya mita ɗari ko fiye daga sukuron 4. Ita kanta wayar tana da turjiya. Idan tata ta kai om 2, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya tafi a ɗumama waya. Don wannan aka yi sukuron 100V. Sharaɗinsa, kowane hon ya samu ƙaramar taransifoma tasa, a tara wat ɗinsu gaba ɗaya, kada jimilla ta kai ƙarfin amfilifayar, a bar mata ɗan sarari. Hon marar taransifoma idan aka jona shi a nan, kwayil ɗinsa zai ƙone. Kuma ba a aiki da ɓangaren om da na 100V lokaci guda.

Masu kayan sauti na alfarma a Turai da Amurka, irin amfilifayar McIntosh mai sukurorin 2, 4 da 8, sukan zauna su gwada kowanne don kawai kiɗa ya yi musu daɗi a falo. Mu Alƙur'ani muke ɗorawa a kan na'urar, da huɗuba da tafsiri. Ban ga dalilin da zai sa su fi mu kula ba.

Na san kwamitin masallaci ba injiniyoyi ba ne, kuma kuɗi ba su da yawa. Amma kuɗin aikin mai gyaran rediyo na wuni ɗaya bai kai kuɗin hon guda ba. A kira shi ya zo da mita, ya ƙirga hon, ya cire wayar ya auna. Mita takan nuna ƙasa kaɗan da lambar da aka rubuta, misali wajen 6 a maimakon 8, shi ya san da haka. Idan hon sun yi yawa, ya jera su bibbiyu, wutsiyar wannan a kan wancan, lamba ta hau, ko ya ce a raba su wa amfilifaya biyu. Sannan ya rubuta a takarda adadin hon da sukuron da ya zaɓa, a manna a jikin akwatin, don duk wanda ya zo da sadakar hon baɗi a nuna masa kafin kowa ya hau sanda.