Daga Kunne Zuwa Ido: Tarnaƙin Isar da Saƙo a Rubutacciyar Waƙar Hausa

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana jin koke daga bakin ɗalibai, har ma da wasu malamai, cewa rubutacciyar waƙar Hausa tana da tsauri. Idan aka ajiye wa ɗalibi zube da wasan kwaikwayo da waƙa, sau da yawa waƙa ce yake barin ta ƙarshe. Abin mamaki shi ne, wannan waƙa da ake gudu a aji ita ce malaman ƙarni na 19 suka zaɓa domin isar da saƙo ga manomi da makiyayi da matar kulle, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta gano inda gizo yake saƙar. Za ta yi ƙoƙarin nuna cewa babban abin da ya shiga tsakanin marubucin waƙa da jama'arsa ya samo asali ne daga raba waƙar da murya, kuma laifin da ake ɗora wa marubuta na tsaurin harshe bai kai yadda ake zato ba.

2.0 Sadarwa da Tarnaƙinta

Sadarwa ita ce isar da saƙo daga wani zuwa wani ta yadda mai karɓa zai fahimci abin da mai aikawa yake nufi. Tana da rukunai huɗu: mai aikawa, da saƙo, da hanyar da saƙon zai bi, da mai karɓa. Duk abin da ya gitta tsakanin waɗannan rukunai har ya rage fahimta ko ya karkatar da ita, shi ake nufi da tarnaƙi a wannan maƙala. A fagen waƙa, marubuci shi ne mai aikawa, jigo shi ne saƙo, hanya kuwa ko dai murya ko takarda. Masu nazari sun fi mai da hankali kan marubuci da jigonsa. Hanya da mai karɓa ba su cika samun kulawa ba, alhali a nan ne saƙo yake yawan maƙalewa.

3.0 Yadda Magabata Suka Tsallake Tarnaƙi

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa sun san wannan matsala tun kafin jihadin 1804. Littattafan ilmi sun rubuta su da Larabci domin malamai, amma da suka juyo ga talakawa sai suka koma ga waƙa cikin Fulatanci da Hausa. Waƙar “Tabbat Haƙiƙa” ta isa misali. Shehu ya tsara ta da Fulatanci, ’yarsa Nana Asma’u (1793–1864) ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi. Wato an gane cewa saƙo, komai nagartarsa, ba ya amfani sai ya zo da harshen mai saurare.

Nana Asma’u ba ta tsaya ga fassara ba. Ta kafa tsarin ’yan taru, inda take naɗa dattijan mata a matsayin jaji, su haddace waƙoƙi a wurinta, su koma garuruwansu su rera wa mata, su kuma warware musu ma’ana. A wannan tsari takarda ma’ajiya ce kurum. Abin da yake isa ga mai karɓa murya ce, tare da mai bayani a kusa. Idan kalma ta shige wa mai saurare duhu, yana da wanda zai tambaya nan take. Da aka fara buga waƙoƙi da boko a Zariya, ta hannun Kamfanin Gaskiya da Hukumar NORLA, daga baya kuma Kamfanin NNPC, waƙa ta sami yaɗuwar da ba ta taɓa samu ba, amma ta tafi ita kaɗai, ba mai rerawa, ba mai bayani.

4.0 Ire-iren Tarnaƙi

4.1 Kalmomin Aro

Wannan shi ne tarnaƙin da aka fi ambata. Yawancin marubutan waƙa malamai ne da suka sha Larabci, don haka ba abin mamaki ba ne a ga kalmominsa sun yi yawa a baitocinsu. Sa’adu Zungur (1915–1958) ya isa shaida. Sunan shahararriyar waƙarsa ma, “Arewa Jumhuriya ko Mulukiya”, yana ɗauke da kalmomin Larabci biyu waɗanda duk muhawarar waƙar ta rataya a kansu. Wanda bai san bambancin mulkin da jama’a ke zaɓen shugaba da mulkin sarauta ta gado ba, an bar shi a bakin ƙofa tun kafin baitin farko. Littafin da Ɗandatti Abdulƙadir ya wallafa a 1974 kan rayuwar Zungur da waƙoƙinsa ya warware da yawa daga cikin waɗannan ƙulle-ƙulle, sai dai sharhin da Ingilishi aka yi shi, wanda kuwa shi ma wani shinge ne ga mai karatun Hausa zalla.

Duk da haka, bai kamata a tsaya a nan ba. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi (1894–1990) cike take da Larabci, tun daga sunanta. Amma da wuya a sami rubutacciyar waƙar da ta ratsa ƙasar Hausa kamarta. Namangi makaho ne, da ka yake tsara waƙarsa, wasu su rubuta. Makafi da almajirai suka ɗauke ta suna rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje, har waɗanda ba su taɓa ganin littafinta ba suka haddace ta. Da kalmomin aro ne babban tarnaƙi, da Imfiraji ba ta fita daga zaurukan malaman Zazzau ba.

4.2 Karin Harshe

Daidaitacciyar Hausa, wadda ake koyarwa a makaranta, an gina ta ne bisa Kananci. Waƙoƙin ƙarni na 19 kuwa da yawansu da Sakkwatanci aka yi su. Ɗalibin da ya saba da “suka” da “muka” da “aka” zai tarar da “sunka” da “munka” da “anka”. Wannan ƙaramin tuntuɓe ne da bayani kaɗan zai kawar. Ɓarnar tana zuwa ne idan mai gyaran rubutu ya ɗauki waɗannan siffofi a matsayin kuskure ya daidaita su. Gaɓar farko ta “sunka” mai nauyi ce, ta “suka” kuwa marar nauyi. Saboda haka ne ma marubutan da ba Sakkwatawa ba sukan ari “sunka” idan ma’aunin waƙa ya bukaci haka. Wanda ya musanya ɗaya da ɗaya ya karya ɗango, ya kuma jawo wa marubuci zargin rashin iya awo. Garin gyaran gira an rasa ido.

4.3 Tsarin Rubutun Boko

Wannan tarnaƙi ya fi na baya zurfi, ga shi kuma ba a cika lura da shi ba. M.K.M. Galadanci ya nuna a 1975 cewa rubutattun waƙoƙin Hausa da yawa suna hawa ne kan ma’aunan arulin Larabci, irin su Kamil da Wafir da Mutadarik. Waɗannan ma’aunai sun dogara ne kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, nauyin gaɓa kuwa a Hausa yana da alaƙa da tsawon wasali. Rubutun ajami, wanda da shi aka fara rubuta waƙoƙin, yana da hanyar nuna dogon wasali ta amfani da alif da wawu da ya. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti.

Sakamakon haka shi ne, “gari” na mazauni da “gari” na tuwo duk kamarsu ɗaya a takarda, alhali na farko yana farawa da gajeren wasali, na biyu da dogo. Haka “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala, da “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya, karin sauti ne kaɗai ya raba su. A zube, jimla takan fayyace wadda ake nufi. A waƙa kuwa, inda ake taƙaita zance, ake sauya jerin kalmomi, ake kuma wasa da harshen damo da gangan, mai karatu yana iya ɗaukar wata ma’ana dabam ba tare da ya san ya kauce ba. Bugu da ƙari, Ɗalhatu Muhammad ya nuna a 1980 cewa akwai amsa-amon karin sauti a waƙoƙin Hausa, inda ƙarshen ɗangogi yake dacewa ta fuskar hawa da saukar murya. Wannan ado ne da kunne kaɗai yake kamawa. Mai karatu da ido ba shi da labarinsa sam.

4.4 Yadda Ake Koyar da Waƙa

Tarnaƙi na ƙarshe yana wajen mai karɓa. A aji an fi karanta waƙa kamar zube, a fitar da jigo da warwararsa, a ƙirga ɗangogi a ce ƙwar biyu ce ko ƙwar biyar, a nemo amsa-amo, a rufe littafi. Ɗalibi yana iya cin jarrabawa a kan waƙar da bai taɓa jin an rera ta ba. Littafin Fasaha Aƙiliya, wanda aka buga a 1977, ya tattara waƙoƙin Aƙilu Aliyu, mutumin da jama’a suka fi saninsa ta muryarsa a rediyo. Gwanintarsa tana cikin karon sauti da sarrafa kalma, abubuwan da suke dusashewa idan aka yi shiru ana bin su da ido. A waƙarsa ta “Hausa Mai Ban Haushi” ya koka kan masu gauraya Hausa da Ingilishi, wato shi kansa ya damu da abin da ke gurɓata sadarwa tsakanin Hausawa. Abin takaici ne a ce irin wannan marubuci ya isa ga ɗalibi a matsayin bebe.

5.0 Mafita

Tunda an gano inda cutar take, maganinta ba mai nisa ba ne. Na farko, duk waƙar da aka sa a manhaja ya kamata a haɗa ta da murya. A da sai an nemi kaset, yanzu kuwa wayar hannu ta sauƙaƙa wannan aiki. Na biyu, bugun da aka yi domin makarantu ya dace ya nuna tsawon wasali da karin sauti, ko da a kalmomin da za su iya rikitarwa ne kawai. Na uku, a bar wa marubuci karin harshensa yadda ya zo da shi, a yi bayani a ƙasan shafi. Na huɗu, sharhin kalmomin aro da na tarihin da ya haifar da waƙa a yi shi da Hausa. Malamin aji kuwa shi ne jajin wannan zamani, don haka wajibi ne horon da ake ba shi ya haɗa da rerawa.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta duba tarnaƙi huɗu da suke hana saƙon rubutacciyar waƙar Hausa isa ga jama’a: kalmomin aro, da karin harshe, da tsarin rubutun boko, da hanyar koyarwa. An ga cewa biyun farko sun daɗe, kuma magabata sun tsallake su ta hanyar rerawa da bayani. Biyun ƙarshe kuwa sun zo ne tare da ɗab’i da makarantar boko, kuma su ne suka fi yin illa, domin sun cire abin da yake sauƙaƙa na farkon. Saboda haka, kafin mai nazari ya yanke wa wata waƙa hukuncin tsauri ko karyewar ma’auni, ya kamata ya fara jin ta daga bakin wanda ya iya rera ta, sannan ya koma ga takarda.