Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Jama'a, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da aka yi wa tsohon birnin Kano da sunan raya gari ya isa mu tsaya mu yi nazari, mu da muke Mubi.

A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa, ƙofa mai ɗaruruwan shekaru, don faɗaɗa titi. An gina sabuwa, amma ai tarihi ba a sayo shi a kasuwa. Sai kuma Filin Idi na Ƙofar Mata: zamanin Ganduje aka cika shi da shaguna, a watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sa katafila ta baje su. Kotun tarayya ta ce a biya 'yan kasuwar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

A ganinmu duka biyun ba su kyauta ba. Na farko ya yanka wurin sallar jama'a ya raba, na biyu ya zo gyara ya karya jarin bayin Allah.

Tsohuwar unguwa ba gini ba ce kawai. Zaure ne da makarantar allo a ciki, tela a gefe, mai ƙosai a bakin lungu, masallaci taku kaɗan. Gida da sana'a da ibada wuri guda suke. In ka kwashe masu sana'a ka kai su bayan gari, to ka kashe unguwar, ko da ka shimfiɗa mata kwalta.

Ku dubi Agadas a Nijar. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, hasumiyar masallacinsa ta ƙasa tana tsaye, mutane suna cikin gidajensu, kasuwa tana ci. Ashe ana iya gyara ba tare da kora ba.

Mubi ta ga rushewa a 2014, mun san zafinta. Don haka duk ranar da aka zo da maganar sabunta unguwanninmu, a fara da magudanar ruwa, famfo da fitila. A zauna da mai unguwa, limamai da 'yan kasuwa tun kafin a shafa jan fenti a bango. Wanda titi zai ci shagonsa, a biya shi kafin rusau, ba bayan shari'a ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.