Gonakin Gagarawa da Babin Fiƙihun da Aka Bari a Aji

A shekarun 2016 da 2017, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, taƙaddama ta yi ƙamari a Jigawa kan fili mai faɗin hekta 12,000 da gwamnati ta ware wa kamfanin Lee Group domin noman rake da kafa masana'antar sukari. Gagarawa, a masarautar Gumel, ita ce cibiyar aikin. Gwamnati ta kafa hujja da samar da ayyukan yi da rage shigo da sukari daga waje. Manoma da dama kuma suka ƙi karɓar diyya, suka ce gonakin gero da dawa da riɗin da suka gada ba na sayarwa ba ne.

Muryoyin da aka fi ji a lokacin su ne na 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula da 'yan siyasa, kuma muhawarar ta gudana ne da harshen zuba jari da lissafin diyya. Abin da bai fito fili yadda ya kamata ba shi ne hukuncin shari'a, alhali manoman Musulmi ne, masu mulkin Musulmi ne, kuma jihar tana da jami'o'i a Dutse da Kafin Hausa, ga kwalejin ilimi a Gumel kanta. Wannan naƙasu ne da ya shafi fannin nazarin addinin Musulunci a manyan makarantu, kuma bai dace a kawar da kai daga gare shi ba.

Ba za a ce mas'alar baƙuwa ce ba. Duk ɗalibin da ya karanta Mukhtasar na Khalil ya bi ta babin Ihya'ul Mawat, ya san cewa raya mataccen fili sababi ne na mallaka, kuma ikon shugaba na yanka wa wani fili bai kai ga abin da ke da mai shi ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya keɓe littafi guda, Ta'alimur Radi, kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da fili. A wannan zamani ma, Majma'ul Fiƙhil Islami ta zauna a Jidda a 1988 ta yanke matsaya kan karɓe kadara domin maslahar jama'a. Ta halatta hakan, kamar yadda Sayyidina Umar ya karɓi gidaje ya biya kuɗinsu domin faɗaɗa Masallacin Harami, amma ta gindaya sharuɗɗa: diyya ta zama ta adalci kuma a biya nan take, shugaba ko wakilinsa ne zai karɓa, buƙatar ta zama ta gama-gari irin ta masallaci ko hanya ko gada, sannan kada abin da aka karɓa ya koma hannun masu zuba jari.

Sharaɗin ƙarshen nan ya taɓa batun Gagarawa kai tsaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon soke haƙƙin mai fili saboda maslahar jama'a, diyyarta kuma ta fi karkata ga shuka da gini, ba ga ƙasar kanta ba. Tsakanin wannan doka da waccan matsaya akwai rata babba, kuma masanin fiƙihu ne ya fi cancanta ya auna ta.

Wannan ba yana nufin hukuncin a bayyane yake ba. Matsayar Jidda ijtihadi ce, ana iya tattauna ta. Wani zai kawo ra'ayin Malikiyya cewa ƙasar da aka ci da yaƙi waƙafi ce a hannun shugaba, sai dai kafin ya ɗora wannan a kan Gagarawa dole ya fuskanci tarihi, domin Gumel ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, alaƙarta da Barno take. Wani kuma zai ce aikin yi ga dubban matasa maslaha ce mai nauyi. To, wa zai tantance ta, kuma da wane ma'auni? Ga kuma ƙananan tambayoyin da su ne rayuwar ƙauye: idan gonar gado ce da ba a raba ba, wa zai sa hannu a takardar diyya, ina rabon mata da marayu? Mene ne matsayin mai aro da mai jingina? Burtali da makiyaya fa, waɗanda ba su da takarda, amma fiƙihu ya san su a babin harimin gari?

Dalilan shirun ba ɓoyayyu ba ne. Ƙarin girma a jami'a yana bin yawan maƙalu, ba a lissafa zaman da malami ya yi da manoma a gindin bishiya. Jami'ar jiha kuma daga gwamnati take samun kuɗinta, bakin da aka ciyar kuwa yakan yi nauyi. Akwai kuma sabo: mas'alar ƙabalu da sadalu ko ganin wata tana tara masu sauraro ba tare da ta ɓata wa mai mulki rai ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, duk da cewa tarihi ya karanta, ya nuna cewa malamin jami'a yana iya shiga batun ƙasa da talakawa da hujja a hannu, ya kuma jure abin da zai biyo baya.

Abin da ake nema daga sassan nazarin addini bai kai haka tsanani ba. Ɗalibin digiri na biyu zai iya zuwa ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ya tattara yadda aka mallaki kowace gona, ta gado ko saye ko saran daji, ya duba yadda aka ƙiyasta diyyarta, ya auna da sharuɗɗan 1988, sannan ya rubuta sakamakon da Hausar da mai gonar zai fahimta idan an karanta masa.