Tsibirin da Ba Shi da Masu Shi: Nazari a kan Wani Littafin Tafiya na Samari

A cikin dogon hutun da ya wuce na ɗauki iyalina muka tafi tsibirin Unguja na Zanzibar domin mu huta mako guda. Ƙanena, yaro ɗan shekara 14, ya tafi da wani littafin Turanci da a kan ba samari su karanta, watau The Swiss Family Robinson. Da ya gama sai na karɓa, na karanta shi a bakin teku. Bambancin abin da ke cikin littafin da abin da na ke gani in na ɗaga kai shi ne dalilin wannan 'yar takarda.

Mawallafin, Johann David Wyss, malamin addinin Kirista ne a birnin Bern na ƙasar Suwizalan. Ya shirya labarin ne domin 'ya'yansa maza huɗu, sa'an nan ɗansa Johann Rudolf ya gyara shi, aka buga da Jamusanci a 1812. Tushensa kuwa Robinson Crusoe ne na Daniel Defoe, wanda ya fito a 1719. Sai dai Crusoe shi kaɗai ruwa ya kai gaci, Wyss kuwa gida guda ya kai: uba da uwa da yara huɗu, waɗanda jirginsu ya fashe, ma'aikatan jirgin suka gudu suka bar su.

Lalle littafin yana da amfani. Yaro zai ga yadda a ke gina ɗaki bisa itace, da yin kyandir, da horad da dabba, kuma zai ga 'yan'uwa suna aiki tare ƙarƙashin mahaifinsu. Kusan kowane babi darasi ne da aka lulluɓe da labari. Masu nazari sun daɗe suna yi wa Wyss dariya domin ya tara zaki da jimina da kangaru a wuri guda, har da mesar da ta haɗiye jaki. A bayyane ya ke daga littattafai ya tattaro su. Amma wannan ƙaramin aibi ne, gama ɗan aji ɗaya ma zai gane shi in ya duba taswira.

Babban aibin shi ne Wyss ya share tsibirin, bai bar masa mazauna ba. Akwai wurin da iyalin suka zauna suna raɗa wa kowane lungu suna, rafi da tudu da mashigin ruwa, bisa ga abin da ya same su a can. Wanda ya karanta ilmin harsuna ya san sunan wuri shaida ce ta wanda ya riga zama a cikinsa. Mai raɗa sabon suna kuwa cewa ya ke yi babu kowa kafinsa. Defoe ya riga ya nuna hanyar: da Crusoe ya ceci wani mutum, bai tambaye shi sunansa ba, sai ya kira shi da sunan ranar Jumma'a, ya koya masa Turanci, shi kuwa bai koyi harshen mutumin ba.

Wannan tunani bai mutu ba. Takardun tallar masaukin da muka sauka farin rairayi kaɗai su ke nunawa, babu ko sawun ƙafa. Alhali kuwa in ruwa ya janye da safe, mata ne cike da gaɓar suna noman ciyawar teku. Kowane ƙauye da sunansa na tun kaka da kakanni, Paje da Jambiani da Nungwi. A Kizimkazi akwai masallaci mai rubutun Kufi da ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, watau 1107. A cikin birni kuma ga wurin kasuwar bayi wadda aka rufe a 1873. Wanda ya je da idon Wyss, duk wannan zai wuce shi yana kwance a inuwar kwakwa.

Mu gwada da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934. Shi ma labarin tafiya ne, samari kuma ke karanta shi. Amma yawancin tafiyar Alhaji Imam cikin mutane ta ke: ya shiga gari, ya nemi masauki, ya tsaya gaban sarki ko alƙali, ya yi karo da Malam Zurƙe. Makaminsa harshe ne, gatari da bindiga kuwa su ne na iyalin Wyss. Matafiyin Imam ya san shi baƙo ne, kuma Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Ban ce malaman kwalejojin horon malamai su jefar da littafin Wyss ba. Shawarata ita ce a karanta littattafan nan biyu a zango ɗaya. Sa'an nan a sa ɗalibai su rubuta babin raɗa sunaye daga bakin wani masunci wanda ke laɓe yana kallon baƙin, su kuma bincika asalin sunayen unguwannin garinsu. Ta haka za su saba da tambayar wa aka cire daga labari.

Ƙanena dai kafin mu taso ya koyi gaisuwar da yaro kan yi wa babba da Swahili, watau shikamoo. Ya gwada ta a kan wata dattijuwa mai ɗauke da buhun ciyawar teku, ta tsaya ta amsa masa da marahaba.